Airfix: A Sayar a Harhaɗe ko a Warwatse?

A 1949 kamfanin Airfix, wanda Nicholas Kove ɗan asalin Hungary ya kafa a Landan a 1939, ya ƙera ƙaramin samfurin taraktar Ferguson da roba, kuma hanyoyi biyu ne suka kasance a gabansa. Harhaɗa ta a masana'anta yana ba mai saye abin wasa kammalalle, sai dai ladan ma'aikata yana ɗaga farashi. Sayar da sassan a warwatse kuwa ya fi arha, domin mai saye ne zai zauna ya manna su, kuma a ganina nan daɗin yake. Hanya ta biyu kamfanin ya bi, har samfurin jirgin ruwan Golden Hind ya shiga shagunan Woolworths a 1952.