Lura da numfashi ko metta: wanne ya fi maganin fushi?

Malaman addinin Buddha na ɓangaren Theravada, a Siri Lanka da Tailan da Myanmar, suna koya wa mai saurin fushi hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce anapanasati, wato lura da numfashi. Mutum ya zauna, ya tsayar da hankalinsa a bakin hanci, yana ƙirga shiga da fitar iska. Buddhaghosa, malamin ƙarni na 5, ya ce kada ƙirgar ta gaza 5 ko ta wuce 10. In ta gaza, hankali ya ƙuntata kamar shanu a matsattsen garke. In ta wuce, ya bar numfashin ya koma kan lissafi. Wannan hanya tana sanyaya zuciya nan take, amma ba ta tumɓuke saiwar ƙiyayya.

Ta biyu, metta, fatan alheri ce, kuma ta fi wuya. Ka fara da kanka, sai malamin da kake girmamawa, sai aboki, sai wanda babu komai tsakaninku, sannan abokin gaba. Wanda ya fara da maƙiyinsa gajiya kawai zai kwasa, fushin ma ya ƙaru. An hana farawa da wadda kake sha'awa, don kada fatan ya rikiɗe ya zama kwaɗayi, haka nan an hana farawa da mamaci.

In cacar baki ce ta tashi tsakanin mata da miji da daddare, numfashi ya fi, don ba ya buƙatar shiri. Gabar da ta shekara kuwa, irin ta wa da ƙanin da jam'iyya ta raba, sai metta, kamar minti 15 kullum, makonni a jere.