Wayar da za ta kai ka shekara biyar: abin dubawa kafin ka ba da kuɗinka

Tun da darajar naira ta faɗi a shekarar 2023, sayen waya ya daina zama abin marmari, domin wayar da a da ake canjawa duk shekara yanzu sai mutum ya yi watanni yana tari kafin ya iya mallakarta. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa kuwa, a cikin wayar nan asusun bankinsa yake, ta nan yake karɓar oda a WhatsApp, ya tura wa abokin ciniki hoton kaya, ya tabbatar kuɗi sun shigo, sannan da daddare ya kira gida ya ji lafiyar iyali. Wanda yake cikin wannan hali, tambayar da ta kamace shi ita ce wace waya ce za ta ci gaba da yi masa aiki bayan shekara huɗu ko biyar ba tare da ta ba shi kunya ba.

Abin da ke fara kashe waya ba a ganinsa a jikin kwali, wato tsawon shekarun da kamfani ya yi alkawarin zai riƙa sabunta manhajarta da toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Idan sabuntawa ta tsaya, wayar za ta ci gaba da kunnuwa, amma sannu a hankali manhajojin banki da na aiki za su fara ƙin buɗewa, kamar yadda WhatsApp ta daina aiki a shekarar 2025 a kan duk iPhone da babbar manhajarta, wato iOS, ba ta kai 15.1 ba. A nan ne Samsung ta yi wa sauran fintinkau a cikin wayoyin da mai matsakaicin ƙarfi zai iya saya. Ta fara da yi wa Galaxy S24 alkawarin shekara bakwai a 2024, sannan ta sauko da tsarin zuwa ƙananan wayoyinta, inda A16 da ta fito a ƙarshen 2024, da A26 da A36 da A56 da suka fito a watan Maris na 2025, duk suka samu alkawarin shekara shida. Sai dai a lura cewa lissafin yana farawa ne daga lokacin da wayar ta fito kasuwa, ba daga ranar da ka saye ta ba, don haka wanda ya sayi tsohon samfuri saboda an rage masa kuɗi ya sani cewa an riga an ci wani abu daga cikin shekarun.

A cikin waɗannan huɗun ni A36 na fi natsuwa da ita. Tana da batir mai ƙarfin 5000mAh, tana ɗaukar caji mai sauri har wat 45, fuskarta kuma irin AMOLED ce mai inci 6.7 wadda ake iya karanta saƙo a kanta ko a tsakar rana. Abin da ya fi burge ni shi ne shaidar IP67 da take ɗauke da ita, wadda ke nufin ƙura ba ta ratsa ta, kuma za ta iya jure faɗawa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na tsawon minti 30. Duk wanda ya taɓa ganin abin da ƙurar hunturu ke yi wa ramin caji da lasifikar waya ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana da nata aibin: babu kan caja a cikin kwalinta, babu ramin abin sauraro na kunne, kuma babu wurin sa katin memori, saboda haka gara a daure a sayi mai 256GB tun farko. A56 ta fi ta ƙarfin inji kuma gefenta ƙarfe ne, amma wanda aikinsa bai wuce saƙonni da takardu da hotuna ba, da wuya ya ji bambancin da zai kai ƙarin kuɗin. A16 kuwa ta dace da mai ƙaramin ƙarfi, da sharaɗin kada ya ɗauki mai RAM 4GB (RAM shi ne ƙwaƙwalwar da waya ke tafiyar da manhajoji da ita), domin alkawarin shekara shida ba zai amfane shi ba idan wayar ta fara nauyi tun a shekara ta biyu.

Tecno da Infinix, waɗanda duk na kamfanin Transsion na ƙasar Sin ne, suna da araha, kayan gyaransu suna ko'ina, ga cibiyoyin Carlcare a manyan garuruwa, amma yawancin samfuransu ba sa daɗewa suna samun sabuntawa, ga tallace-tallace da manhajojin da ba ka nema ba. Redmi ma kusan haka take. Pixel ta Google tana da shekara bakwai tun daga Pixel 8, sai dai ba a sayar da ita a hukumance a Najeriya, kuma ranar da gilashinta ya fashe za ka san haka. Sabuwar iPhone tana da ƙarko, amma kuɗinta na wasu ne.

Kada lambobin da aka rubuta da manyan baƙi a kwali su ruɗe ka. Idan ka ga an rubuta RAM 8GB+8GB, takwas ɗin farko ne kawai na gaskiya, na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma bai kai na ainihi sauri ba. Shi ma 5G, wanda MTN ta ƙaddamar a 2022, Airtel kuma a 2023, har yanzu bai wuce wasu unguwanni na manyan birane ba, don haka bai isa ya zama dalilin zaɓe shi kaɗai ba. Batir kuwa zafi ne babban makiyinsa, kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, barin waya a gaban mota ko yin caji a ƙarƙashin matashi zai cinye shi da wuri ko da wace irin waya ce.

Duk wannan kwatance ba shi da amfani idan abin da aka miƙo maka ba shi ne abin da ka biya ba, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke yin asara. An taɓa sayar mini da waya a wani shago, fes da ita har da kwalinta, na yi makonni ina amfani da ita, sai wata safiya ta kulle kanta, rubutu ya fito a fuskarta cewa akwai bashin da ba a gama biya ba. Ashe wani ne ya karɓe ta a kan tsarin biya kaɗan-kaɗan, ya biya kason farko, ya sayar. Irin wannan kulle yana haɗe da lambar IMEI ne, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata, a wajen kamfanin da ya ba da bashin, goge wayar gaba ɗaya ba ya cire shi, kuma mai gyaran da ya ce zai buɗe maka sau da yawa lalata tsaron wayar yake yi, har manhajar banki ta ƙi zama a kanta. Tun daga lokacin ba na ba da kuɗi sai an goge wayar a gabana, an haɗa ta da intanet, an bi matakan kunnawa daga farko har ƙarshe, domin a lokacin ne irin waɗannan kulle-kullen suka fi bayyana.

Leda a jikin kwali ba shaida ba ce, domin na'urar liƙe leda ba ta da tsada. A manyan kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja akwai 'yan kasuwa masu amana da suka shekara suna kare sunansu, akwai kuma masu tsayawa a bakin hanya su tare ka da farashin da ya yi daɗi fiye da kima, waɗanda ba su da shagon da za ka koma gobe. Ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali da wadda ke cikin saitin wayar, kuma dole su zo ɗaya. A wayar Samsung, danna *#0*# yana buɗe shafin gwaji inda za ka duba launukan fuska da taɓawa da lasifika da kyamara. Jabun waya tana iya nuna 256GB a saiti alhali abin da ke cikinta bai kai kwata ba, kuma hanyar kama ta ita ce a tura mata manyan bidiyo a ga inda za ta cije.

Wayoyin iPhone na hannu da ake shigowa da su daga Ingila da Amurka su ne suka fi yawan tarko. Waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka, daga iPhone 14 zuwa sama, ba su da ramin sa layi sai eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin wayar ba tare da kati ba, kuma akwai masu huda su su dasa ramin da hannu, abin da ke raunana kariyar wayar daga ruwa da ƙura. Wasu kuma a kulle suke da wani kamfanin sadarwa na can, sai a liƙa musu ɗan siririn faifai a ƙarƙashin layi don su kama sabis na ɗan lokaci. Ka duba lafiyar batir, idan ta yi ƙasa da kashi 80 cikin ɗari to canji ya zo, amma idan tsohuwar waya ta nuna ɗari cif, wannan ma abin tuhuma ne, domin ana iya gyara lambar. Ka tabbata mai ita ya fita daga asusunsa na iCloud, wato asusun Apple da ke ɗaure wayar da mai ita, a gabanka, sannan ka duba sashen da ke nuna tarihin kayan da aka canja, inda gilashi ko batir da ba na asali ba ke fitowa. Wayar da ta girmi iPhone 11 kuwa kada ka kula ta, domin iOS 26 ba ya hawa kanta.

Ko sabuwa ce ko ta hannu, ka sa layinka ka yi kira, ka buɗe data, ka jona caji ka ga yana hawa, duk kafin ka bar shagon. Sannan ka nemi rasit mai ɗauke da sunan shago da adireshinsa da kwanan wata da lambar IMEI, a kuma rubuta tsawon garanti da wanda zai ɗauki nauyinsa, domin wayar da aka shigo da ita don kasuwar wata ƙasa ba lalle ne cibiyar gyaran kamfani ta karɓe ta kyauta a nan ba. Wannan rasit ɗin ne kuma zai wanke ka idan daga baya jami'an tsaro suka bi sawun wayar suka ce ta sata ce.