Abincin dare na mako guda: ina ya kamata kuɗinku su tafi?

Ƙarfe shida na yamma ake yanke shawarar da ta fi cin kuɗin gida. An dawo daga aiki a gajiye, yara na ta tambayar me za a ci, a firji kuwa sai rabin kabeji da ya fara yaushi, nama kuma yana can a firiza kamar dutse. Sai a ɗauki waya a yi oda. Duk mai sayar da wata dabarar abincin iyali ya san da wannan sa'a, kuma da ita yake cin kasuwa. Hanyoyin da ake tallatawa ba su wuce biyar ko shida ba, kuma gara in faɗa tun yanzu: ni ta tukunyar matsi ce, wadda masu shago ke kira fresha kuka, irin ta ɗorawa a kan wuta, tare da mazubai masu kyau da ɗan wuri a firiza. Sauran kowace da ranarta, amma ba su kai in zuba musu kuɗi duk wata ba.

Ma'aunin da nake bi ba mai wahala ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, ban da dankali da rogo, gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Saboda haka tambayar farko ita ce: wa ke riƙe da cokalin gishirin, ku ko wani? Ta biyu, me ke ruɓewa kafin mako ya ƙare? Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce an zubar da tan biliyan 1.05 na abinci a 2022, kashi 60 cikin ɗari daga gidaje, kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara. Wannan kabejin da ya yi yaushi kuɗi ne kuka riga kuka biya. Ta uku kuwa, idan abin bai yi muku ba, za ku iya fita salin alin?

Odar dafaffen abinci ta faɗi tun a tambayar farko: gishiri da mai duk suna hannun wanda burinsa ku dawo gobe. Girki daga farko kowane dare ya fi komai daɗi, sai dai yana neman sa'a guda da ba ku da ita, kuma mai shiga kasuwa kullum ba ya fitowa da abin da ya je nema kaɗai. Manhajar tsara abinci a waya kuwa, takarda da biro a ƙofar firji sun yi aikinta.

Akwatin kayan girki da ake kawowa har gida ya ɗan cancanci magana. Kamfanin HelloFresh ya fara a Jamus a 2011, Blue Apron a Amurka a 2012, yanzu masu kwaikwayonsu sun cika manyan birane. Ana auno muku komai daidai cin dare ɗaya, har da takardar yadda za a dafa, don haka ba a asarar kaya, kuma wanda bai iya girki ba zai koya. Amma ku lura, girkin yana nan a kanku, yanka albasa da wanke tukwane ba inda suka je. Farashin da ya ja hankalinku na akwatin farko ne. Daga nan rajista ce mai sabunta kanta: idan ranar dakatarwa ta wuce ba ku danna ba, an cire kuɗi, akwati na hanya, ko da kun yi tafiya. Lambar wayarku da adireshinku ma sun shiga hannu. A Janairun 2024 hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya ta ci tarar HelloFresh fam 140,000 saboda miliyoyin saƙonnin talla da ta aika wa mutane ba tare da sahihin izini ba. Kafin ku saka lambar katinku a irin wannan wuri, ku fara nemo maɓallin fita. Idan ya ɓuya, kun sami amsa.

Tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, irin Crock-Pot da ta shiga kasuwa a 1971, tana da masoya. A zuba da safe, a dawo a tarar nama ya yi laushi. Matsalarta ita ce safiyar da take nema ita ce lokacin da ake neman takalmin makaranta, ganye kuma yana narkewa a cikinta ya koma ruwa. Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa: jan wake mai siffar ƙoda yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa, sai an tafasa shi sosai na aƙalla minti 10 yake mutuwa, wannan tukunya kuwa ba lallai zafinta ya kai haka ba. Tukunyar da ba zan iya amince mata da wake ba, ba ta taimaki aljihuna ba.

Domin wake shi ne ginshiƙin abinci mai araha da gina jiki, shi da ƙwai da naman da ba a rububinsa saboda tauri. Abin da ke hana mai aiki dafa su lokaci ne, kuma lokacin ne tukunyar matsi ke yankewa. Dabarar tsohuwa ce, wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙirƙiro ta tun 1679. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa ba ya wuce digiri 100 komai ƙarfin wuta. Idan aka kulle tururi ya rasa hanyar fita, zafin kan kai wajen digiri 120, sai waken da ke cin sa'a guda ko fiye ya nuna cikin kusan minti 20, idan an jiƙa shi ma bai kai haka ba. Da zarar ta fara huci sai a rage wuta can ƙasa, nan ne ribar gas take. Nama mai jijiya ya yi lugub, romonsa kuma ya zama tushen miyar kwana biyu.

Ga yadda mako ke tafiya da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ranar hutu ake ware sa'a biyu. Kada ku dafa abinci kala bakwai ku jera, kafin Laraba yara sun gaji da ganinsu. Tushe za ku dafa: tukunyar wake fari ba kayan haɗi, tukunyar nama ko kaza da romonta, da babbar miyar tumatir da albasa mai ƙarancin gishiri. A wanke ganye, a yanka karas da kabeji, a tsane su sosai kafin a rufe. Litinin miya da nama a kan shinkafa. Talata wake da ganye da soyayyiyar albasa. Laraba a fasa ƙwai cikin miyar, a ci da burodi ko taliya. Romo da ragowar kayan lambu su zama farfesun Alhamis. Kowane dare aikin bai wuce minti 15 zuwa 20 ba, kuma rabin faranti kayan lambu ne, kamar yadda masana abinci na jami'ar Harvard suka zana a farantinsu na 2011: rabi ganye da 'ya'yan itace, kwata hatsi, kwata mai gina jiki. Kayan lambu masu ƙanƙara na cikin leda ba abin kunya ba ne, amfaninsu bai gaza na ɗanye ba, kuma ba sa yaushi. Dare ɗaya a mako ku bar shi ba tsari, don cinye ragowa.

Sharaɗin wannan tsari shi ne ajiya. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60, don haka dafaffen abinci kada ya wuce sa'a 2 a waje. A raba shi cikin ƙananan mazubai marasa zurfi ya huce da wuri. A firji kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa, ma'ana rabon Alhamis da Juma'a firiza zai shiga tun ranar farko, a sauko da shi firji daren jajibiri. Shinkafa ce ba na yarda a dafa ta mako guda. Akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga tafasa, idan shinkafar ta jima da ɗumi sai ta saki gubar da ɗumame ba ya kashewa. Dafa sabuwa minti nawa ne? Idan wuta ta ɗauke, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar sa'a 4, cikakkiyar firiza kamar sa'a 48, mai rabin kaya 24.

Akwai tukunyar matsi ta lantarki, wadda Instant Pot ta shahara da ita tun da ta fito daga Kanada a 2010. Ba ta buƙatar tsaro, ana danna ta a je a duba aikin gidan yara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai matsinta bai kai na ta kan wuta ba, kuma ranar da allon maɓallanta ya mutu, ta zama bokiti mai tsada. Ta ƙarfe kuwa robar murfi kawai take ci, a canja ta lokaci-lokaci a ci gaba. Ga iyali mai mutum huɗu zuwa shida, lita 6 ta wadatar. Ba a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, wake da duk abin da ke kumfa kuma rabi, don kada kumfa ta toshe hanyar tururi.

To, a nan ne nake so ku buɗe ido, domin jabun tukunyar matsi ta wuce maganar asarar kuɗi, tafasasshen ruwa ne a kulle a tsakiyar kicin ɗin da yara ke kai-komo. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa aiko min da wata, tambarin sanannen kamfani rangaɗau a kwali, hoton da ya saka kuwa na gaskiyar ne. Murfin bai taɓa zama daidai ba. Tururi ta gefe yake fita yana feshi a hannun tukunyar, robar ta yi tauri ta tsage ba a je ko'ina ba, da na nemi mai kayan sai shafin ya ɓace. Ko manyan kamfanoni suna yin kuskure: a Nuwamban 2020 an janye tukwanen matsi na lantarki na Crock-Pot Express sama da 900,000 a Amurka saboda murfi na iya ɓallewa alhali akwai matsi a ciki, mutane da dama sun ƙone. Amma su suna da adireshi, an same su, sun canja murfi. Wanda ya buga tambarin wani a kwali, wa zai janye kayansa?

Saboda haka ku riƙe murfin a hannu kafin ku biya. Ku kifa shi. Ku ɗaga bututun tururin zuwa haske, dole ku ga rami tas. Ku nemi mafita ta biyu, wani ɗan toshi ko ƙaramin bawul da zai saki tururi idan ta farko ta toshe. Idan mafita ɗaya ce tak, ajiye ta. Ku duba ɗan ƙarfen da ke tasowa ya kulle murfi idan matsi ya hau, ku taɓa shi da yatsa ku ji yana motsi. Ku zare robar ku lanƙwasa: mai kyau tana da laushi, tana komawa yadda take, ba ta warin taya. Ku rufe murfin ku buɗe sau da yawa, ya shiga sumul ba sai an yi kokawa ba. Gindin ya zama mai kauri da nauyi. A ciki a ga layin iyakar cikawa, a gindi a ga sunan kamfani da lambar samfuri an zana su cikin ƙarfen. Takardar manne kowa na iya bugawa.

Ƙarfen ma abin dubawa ne. Tukwanen alminiyom da ake narkawa daga tarkacen ƙarafa suna iya sakin dalma cikin abinci, musamman mai tsami irin miyar tumatir, kuma dalma ƙwaƙwalwar yara take taɓawa. A 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wasu tukwanen da ake shigowa da su saboda wannan dalili. Ku nemi ƙarfe mara tsatsa mai alamar 18/10 ko 304. Wasu masu shago za su kanga mayen ƙarfe a gindi, idan bai kama ba su ce kun gani, ƙarfe mara tsatsa ne. Ba ku ga komai ba. Gindin tukwane masu kyau da yawa yana kama mayen ƙarfe da gangan, don su yi aiki a kan murhun lantarki na zamani, kuma alminiyom ma ba ya kamawa, don haka gwajin ba ya raba gaskiya da jabu.

Mazubai ma akwai ha'inci a cikinsu. Ku juya gindin roba ku nemi lamba 5 cikin alamar kusurwa uku, da hoton kofi da cokali mai yatsu. Robar da aka zubo muku abincin oda a ciki ba a yi ta don zafi da maimaici ba. Tarayyar Turai ta haramta BPA, wani sinadari da ake haɗa wasu robobi da shi, a kayan da ke taɓa abinci daga farkon 2025, amma tsofaffin kaya da marasa suna ba su ƙare a kasuwannin duniya ba. Idan da hali ku sayi na gilashi ko guda huɗu, don miya mai zafi da mai maiƙo, sauran robar ta ɗauki ɗanyen ganye.

A intanet kuwa, ku yi hattara da ragin da ya kai rabin farashi, da yabon da duk aka rubuta shi cikin mako guda da kalmomi iri ɗaya, da mai sayarwar da ba shi da lambar da ake ɗagawa. Ni tambayar da nake fara yi wa mai shago, tun kafin farashi, ita ce ko yana da robar murfin wannan samfurin a ajiye. Mai kayan gaskiya zai miƙa hannu ya ciro ta daga kantar shagon, ya faɗi girmanta da santimita. Ku sayi biyu tare da tukunyar.