Garmin R10 ko SkyTrak, wanne ya fi sauƙin haɗawa da kwamfuta?

Elhaji barka da warhaka. Ka ce ɗanka zai aiko maka da na'urar auna bugun golf daga Faransa, kana so ka haɗa ta da kwamfuta ka riƙa buga wasa cikin garejinka nan Damagaram, tsakanin Garmin Approach R10 da SkyTrak wacce za ka ce ya sayo. To ni dai shawarata kafin ka dubi kuɗi ka ɗauko metir ka auna garejin tukuna.

R10 ɗin da rada take aiki, bayan ƙwallo ake ajiye ta wajen metir 2, kuma tana son ƙwallon ta yi tafiyar aƙalla metir 2 da rabi kafin ta bugi raga, ka ga kenan ɗaki ya kusa metir 5 ko ya fi. SkyTrak kuwa kamara ce, gefen ƙwallo take zama, tana haska ɗan jan ɗigo kan tabarma, nan za ka aza ƙwallon ka buga, hoto take ɗauka lokacin da ƙwallon ta tashi, ba ruwanta da tsawon ɗaki in dai sanda za ta juya ba ta taɓi rufi ba.

Wajen haɗin ne bambancin ya fi girma wallahi. In da manhajar wasan golf ta E6 Connect za ka yi wasa, R10 sai ta bi ta talho: ita da talho ta Bluetooth cikin manhajar Garmin Golf, sannan talho da kwamfuta kan wifi guda, ka rubuta lambar IP ta kwamfutar (adireshinta kan wifi) cikin talhon. Abu uku kenan a jere, kuran ya ɗauke akwatin wifi ya mutu ya tashi, wata sa'a lambar ta canza sai ka sake dubawa ka rubuta. Yawancin masu cewa ta ƙi kamawa talhonsu na kan data ne kwamfuta na kan wifi. SkyTrak kabul na USB kawai ka soka shi ke nan. Tana da nata wifi amma in ka hau shi kwamfutar ta rasa intanet, alhali manhajar na son intanet don ta duba abonma ɗinka, don haka kabul ɗin ya fi.

Sai zancen zafi, wanda masu bayani a Turai ba su cika kawowa ba. Rada ba ta shiri da fanka mai juyawa ko tarin ƙarfe kusa da ita, to wa zai iya awa guda cikin gareji a watan Afrilu ba fanka? Kamara kuma ƙurar hunturu ce matsalarta, ka riƙa goge gilashin da ƙyalle mai laushi kana rufe ta in ka gama.

R10 ta fi araha nesa ba kusa ba, dalar Amurka 600 aka sa mata da ta fito a 2021, SkyTrak ta farko kuwa wajen dala 2000 aka sa mata. Kuma in akwai bahago cikin masu wasa R10 ba a motsa ta, ita kuwa SkyTrak sai an ɗauke ta an mayar ɗaya gefen. Amma R10 ba ta karanta ɗan bugun nan na tura ƙwallo rami.

In tsakar gida mai faɗi za ka kafa raga da yamma, ɗauki R10. In garejin ne, ni SkyTrak da kabul zan ce, ka haɗa da ondiler mai riƙe wuta in kuran ya ɗauke saboda kwamfutar, kuma ka tabbatar tana da katin hoto na Nvidia. Turo min tsawon garejin da tsayin rufin in duba maka.