Kyan Fuska ko Ƙarfin Ƙafa: Wace Mota Ce Ta Dace da Titunan Kano?

Kafin sabuwar mota ta fito kasuwa, sai an kai ruwa rana a cikin kamfanin da ya ƙera ta. Masu zane suna so rufi ya kwanta, taya ta cika ido, gaba ya yi ƙasa, fitilu su zama sirara. Injiniyoyi kuwa suna neman inda za su zaunar da inji, da inda iska za ta shiga ta sanyaya lagireto, da sararin da ƙafa za ta riƙa hawa da sauka idan an faɗa rami. Har yau manyan kamfanoni da yumɓu suke fara gina motar, daidai girmanta, a yi ta kankara ana ƙari kafin a yarda a taɓa ƙarfe. Shekaru ake ɗauka ana wannan ja-in-ja, sannan masu lissafin kuɗi su shigo su datse wa kowa. Ba don titin Kurna ko lungunan Ɗorayi aka yi wannan zama ba, amma mu ne muke biyan kuɗin hukuncin da aka yanke, shekara goma ko sha biyar bayan an tashi, lokacin da motar ta iso mana da sunan 'yar Kwatano.

Ba wai kyau da ƙarko ba sa haɗuwa ba ne. Peugeot 504 gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya fitar da siffarta, ta fito a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, sannan a 1975 ta lashe gasar Safari ta gabashin Afirka. Ita ce aka yi ta haɗawa a Kaduna shekara da shekaru, kuma iyayenmu sun san lodin da ta ɗauka a hanyar Maiduguri. A can an bar mai zane ya yi aikinsa, ba a taɓa wa injiniya ƙafafunsa ba. Irin wannan daidaito shi ne ya yi wuya a motocin da suka cika wuraren dillalai yanzu.

Ɗauki Hyundai Sonata ta 2011. Ranar da ta fito ta girgiza kasuwa, domin a jerin motocin iyali babu mai layin jiki irin nata, kuma har gobe idan an wanke ta an ajiye sai an waiwaya. Amma a 2015 kamfanin ya janye kimanin 470,000 na 2011 da 2012 a Amurka, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin injin tun daga masana'anta, wanda ke iya toshe hanyar baƙin mai har inji ya buga. A 2020 hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka ta ci Hyundai da Kia tarar da ta kai dala miliyan 210 kan jan ƙafa wajen janye motocin. Wanda ke Amurka, idan an duba an samu matsalar, an sauya masa inji kyauta. Kai da ka saya a Kano, aljihunka ne garantinka. Kyan ɗan maciji ke nan, sai dai idan akwai shaidar cewa an riga an sauya injin tun can.

Honda Accord tana da gudu da daɗin tuƙi, kuma Kanawa sun daɗe suna sonta, sai dai kowane bakanike zai ce maka ka riƙa duba ƙafar gaba kafin ta tsugunar da kai a tsakiyar titi. Marsandi C300 ta samari ce, a bar wa mai kuɗin ajiye bakanike na musamman. Ford Focus mai giyar PowerShift kuwa, ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara.

Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Muscle, ta fi su kusa da abin da nake nema, amma ita ma da nata. Injin 2.4 na shekarun farko an san shi da shan baƙin mai saboda zoben fistin, kuma dashbod ɗinta yakan narke ya yi danƙo a ƙasa mai zafi, har Toyota da kanta ta amince ta sauya wa mutane. Ka tuna yadda rana take a watan Afrilu a garin nan, sannan ka shafa dashbod ɗin da hannunka kafin ka yi tayi.

Ni dai Corolla ta 2009 zuwa 2013 nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni, ko da zai ɓata rai. Ba ta da kwarjini. Idan ka je ɗaurin aure da ita babu mai matsa maka wurin ajiyewa. Cikinta roba ce mai tauri, sitiyarinta ba ya ba ka labarin titi, kuma famfon ruwanta yakan fara tsiyaya idan ta kwana biyu. Amma mota ce da ka gani ka san injiniyoyi ne suka yi rinjaye a wajen zaman. Injin 1.8 ne mai sarƙa, babu batun bel ɗin tayimin da zai tsinke maka a hanyar Wudil. Giyar otomatik mai hawa huɗu ce, tsohon yayi ƙwarai, wadda kanikawanmu suka san cikinta da bayanta. Ƙafar baya ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe, ba tarin hannuwa da robobi ba. Rufinta bai kwanta sosai ba, don haka mai dogon zanna-bukar zai zauna a baya ba tare da ya tuɓe hula ba, Hajiya ma ɗaurinta zai isa gidan biki yadda ya fito. Wannan ba wasa ba ne, domin mai zanen da ya karya rufin mota ta baya don ta yi kama da ta tsere bai taɓa ganin babbar riga ba. Ga kayan gyara: ka shiga Ƙofar Ruwa da safe, kafin azahar ka samu abin da kake nema, sabo da na hannu. Motar da aka sayar da sama da miliyan 50 tun 1966 ba za ta rasa madubi ko fitila ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma, ƙaramin inji ya daina zama abin kunya.

Abin da na fi dubawa a kowace mota shi ne taya, kuma da dalili. Na taɓa riƙe wata mota mai rim inci 18, irin wadda taya take kamar an shafa ta a jikin ƙarfe. Damina ɗaya ta ishe mu. Ruwa ya rufe rami, na faɗa, rim ya tsage, taya ta yi ƙulu a gefe, kuma neman irinta guda ɗaya sai da aka aika Legas. Lissafin a rubuce yake a jikin tayar. Idan ka ga 195/65 R15, wanda shi ne na yawancin Corolla ɗin nan, kaurin gefen tayar kashi 65 cikin ɗari ne na faɗinta, wato kusan milimita 127. Idan ka ga 225/45 R18, kusan milimita 101 ne. Wannan ɗan bambanci shi ne tsakanin ka ji "dum" ka wuce da ka tsaya neman mai faci. Mai zane yana son babban rim don mota ta yi kyau a hoto, shokozoba kuma ita ke shan wahalar. Haka bamba mai jan ƙasa, wadda aka yi don yanka iska a manyan titunan Amurka, nan kuwa tudun rage gudu na farko a unguwa zai kankare ta. Rufin gilashi kuma, a garin da zafi ke haura digiri 40, ƙarin aiki ne kawai ga na'urar sanyaya.

Sai allon taɓawa da ya haɗiye maɓallai. A Turai ma an fara dawowa daga rakiyarsa, domin hukumar gwajin haɗari ta Euro NCAP ta ce daga 2026 mota ba za ta samu cikakken maki ba sai tana da maɓalli na zahiri na sigina da hon da abin goge gilashi da fitilar gargaɗi. Mu kuma ga ƙurar hunturu, ga adaidaita sahu ta kowane ɓangare. Wa ke da lokacin neman rage sanyi a cikin allo a shataletalen Dangi?

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Tunda an gane da ido muke sayen mota, sai aka buɗe sana'ar sauya fuska. A ɗauko tsohuwar Lexus ko Camry ko Land Cruiser, a cire bamba da fitilu da ragar gaba, a ɗora na sabon yayi, a fesa fenti, a ce maka ta shekarar baya-bayan nan ce. Fuska sabuwa, inji da giya da wayoyi na da. Wanda ya faɗa maka gaskiya ya sayar a kan farashinta bai yi laifi ba, amma da yawa ba sa faɗa. Maganinsu lambar shasi. Harufa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. A motar da aka yi don kasuwar Amurka, na goma shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Ka ƙirga da yatsa a gaban dillali. Idan ta gilashi ba ta dace da ta ƙofa ba, ko takardar jikin ginshiƙin ta ɓace, ka yi sallama.

Da wannan lamba ɗin dai ka sa a binciko maka tarihinta a Carfax, shafin intanet da ke ajiye tarihin motoci, ka kuma saka ta a Google. Sau da yawa hoton motar zai fito a filin gwanjon Copart, gabanta a murƙushe. Mai haɗarin bodi ana iya zama da ita idan an rage kuɗi. Wadda ruwa ya ci ce ba a zama da ita. Guguwar Harvey kaɗai a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, kuma irinsu ba sa ɓacewa, ƙasashe irin namu ake turo su. Ka ɗaga kafet, ka leƙa kusoshin da suka riƙe kujera ko sun yi tsatsa, ka cire tayar safaya ka duba ko akwai busasshen taɓo a ramin. Motar da aka cika ta da turare fiye da kima, ka tambayi kanka abin da ake rufewa.

Kada ka yarda da mil ɗin da ke kan allo, mayar da shi baya aikin 'yan mintoci ne. Dubi yadda robar birki da fatar sitiyari suka cinye. Ka sa bakanikenka, ba na dillali ba, ya shiga ƙarƙashi ya ga ko an yanke indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, an sayar, ya kuma jona kwamfuta. Ka je da sassafe, kafin a tayar da ita ta ɗumama, domin ƙarar inji da hayaƙi a tashin farko suke fita. Idan ka murɗa mukulli, fitilar jakar iska, wadda ke buɗewa ta kare ka a haɗari, dole ta kama, ta yi 'yan daƙiƙu, ta mutu ita kaɗai. Idan ba ta kama ba sam, an cire ƙwan. Idan kuma ta mutu daidai lokacin da ta baƙin mai ta mutu, to haɗa musu waya aka yi, kuma mai yiwuwa babu komai a cikin sitiyarin.

Takardun kwastam su ma ana buga na jabu, har da hatimi. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, saboda haka duk wadda aka ce maka ta Kwatano ce, ka ɗauki takardun da lambar shasi ka je ofishin kwastam da ƙafarka a tantance kafin ka tura ko kwabo. Dillalin da ya ce "Alhaji, wani na zuwa da kuɗi yanzun nan", ka ce masa Allah ya sa alheri, ya sayar masa.