Bitar fom ɗin rahoton sankarar babban hanji na Kwalejin Birtaniya: ya cancanci ɗakin gwajinmu?

Kwalejin likitocin nazarin cututtuka ta Birtaniya, Royal College of Pathologists, tana da fom da ake cikewa bayan an duba hanjin da aka yanke wa mai sankara. Ana sauke shi kyauta daga shafinta na intanet, tare da bayanin yadda za a yanka naman. A ganinmu duk ɗakin gwajin da ke karɓar irin wannan aiki, a Kano ne ko Zariya ko Yamai, ya kamata ya ɗauke shi.

Amfaninsa shi ne ba ya barin likita ya tsallake abin da magani ya dogara da shi. Rahoton da aka rubuta zube yakan tsaya a kan cewa sankara ce, an cire. Fom ɗin kuwa sai ya tambayi zurfin da ciwon ya ci a bangon hanji, ko ya huda tantanin ciki, ko ya shiga jijiyoyin jini, da adadin kaluluwar da aka samu da waɗanda suka kamu. Da waɗannan ake fitar da matakin TNM, wato ma'aunin nisan da sankarar ta yi a jiki, kuma da matakin likitan sankara yake yanke ko majiyyaci zai sha kemoterafi, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara.

Kaluluwa ce inda aka fi kasawa. Ana son a tsinto aƙalla 12 daga cikin kitsen da ke manne da hanjin. Wanda ya tsaya a huɗu ko biyar yana iya rubuta cewa ciwon bai bazu ba, alhali wadda ta kamu tana can cikin kitsen da aka zubar. Majiyyacin mataki na uku sai a ɗauke shi na biyu, a sallame shi ba magani.

Sashen da ya fi burge mu shi ne na ƙarshen hanji. Tun binciken Philip Quirke, likitan nazarin cututtuka, da abokan aikinsa a Leeds ta Ingila a 1986 aka gane cewa gefen da likitan tiyata ya bi ya kewaye ciwon shi ke nuna ko ciwon zai dawo. Fom ɗin ya ce a shafa wa gefen tawada, a bar naman ya jiƙu a fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, a yanka shi faifai-faifai mai kaurin milimita 3 zuwa 4, a auna tazara tsakanin ciwon da gefen. In milimita 1 ce ko ƙasa da haka, an ɗauka ciwon ya taɓa gefe. Yana kuma neman a faɗi ingancin yankan likitan tiyatar a mataki uku, abin da ke taimaka masa ya gyara hannunsa.

Inda yake da nauyi a wurinmu shi ne gwajin sinadaran MLH1, PMS2, MSH2 da MSH6, wanda ke tona sankarar gado ta Lynch. Yana da tsada, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke da kayansa ba. Inda gwajin bai samu ba, a rubuta ƙarara cewa ba a yi ba, kada a bar gurbin fayau.

Fom kuma ba ya ceton naman da ya lalace tun daga ɗakin tiyata. Hanjin da aka cusa cikin ƙaramar roba da ɗan fomalin, ya kwana cikin zafi a hannun ɗan'uwan majiyyaci, cikinsa ruɓewa yake. Ana buƙatar fomalin mai kashi 10 cikin ɗari, yawansa ya ninka naman kamar sau goma, a bokiti mai faɗin baki, naman ya yi kwana biyu a ciki kafin wuƙa ta taɓa shi. Takardar rakiya ta faɗi daga wane ɓangare aka yanko, da ko an yi wa majiyyaci gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, kafin tiyata, domin gashi yana rage girman ciwo da na kaluluwa, kuma mai dubawa sai ya san haka kafin ya fara nema.