Hawan Daushe ko faretin tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu, wanne ya fi nuna yaƙi?

Hawan Daushe a Kano kayan yaƙi ne tsantsa, 'yan lifidi, 'yan sulke, 'yan bindiga suna ta harbi sama, mahaya su sako dawakai a guje su yi jahi gaban sarki, wallahi sai tsigar jikinka ta tashi, har UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024. Amma yaƙin an yi masa kwalliya ne, ba gawa ba maraya.

Shi kuwa taron 15 ga Janairu a Abuja, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ba armashi sosai, fareti, ajiye furanni, a saki tattabaru. Ni dai nan na fi so yara su kalla, don a nan ne ake tuna matan sojojin da mazansu ba su dawo ba.